Garin da Ke Tashi da Wuri

Tun kuna ƙanana kuke jin mutanen unguwarmu ta Hausari suna kirana Malam Sammako, kuma na san mahaifiyarku Amsa, Allah Ya jiƙanta, ta gaya muku cewa don ina riga ladan tashi ne. Ba zan ce ta yi ƙarya ba, tunda ba ta nan balle ta kare kanta, kuma akwai ranakun da na riga ladanin, musamman shekarun da yake fama da ciwon ƙafa. Amma ba daga nan sunan ya fito ba. Na fara wannan babi sau uku ina yagewa. Abin da ya zaunar da ni yanzu shi ne maganar da ɗan’uwanku Bukar ya kawo ranar sallah, cewa in na koma wurinsa a Damaturu za a sayar da gidan nan, tsohuwar ƙofar ɗakin tsakiya kuma, wadda babu ɗayanku da bai taɓa buga goshi a bakinta ba, a ba masu tuyar ƙosai su hura wuta. Kafin a kai ta murhu, ina ganin ya kamata ku san abin da ta ci mini.

A lokacin Turawa ne, shekara biyu ko uku bayan na dawo daga kwaleji da takardar shaidata a cikin gwangwanin da na saya mata musamman. Ina aiki a ofishin safiyo na Potiskum, ina jan sarƙar awo, ina zana taswira, kuma in ba yabon kai ba ne hannuna yana da kyau a zane. Matsalata baki ce. Malamanmu sun koya mana kada mutum ya faɗi abin da bai tabbatar ba, ni kuwa na ɗauki darasin fiye da yadda suka nufa. Ko ƙarfe nawa aka tambaye ni, sai in dubi agogo in ce mai yiwuwa tara ta yi. Babban akawunmu, Malam Garba, yakan ce in aka tambaye ni sunan ubana sai na roƙi a ba ni kwana biyu in bincika. A shekarar nan sunana yana cikin mutum uku da za a tura Kaduna su koyi aikin safiyo sosai, wanda kuwa ya dawo daga can ba ya sake jan sarƙa, shi ake ja wa. Na riga na ɗinka kwat.

Baturen da ke kanmu ana ce masa Mai Lofe, don ba a ganinsa babu lofe a baki, ko da babu taba a ciki. Mutum ne mai son tsofaffin gine-gine, yana iya tsayar da mota a tsakiyar hanya don ya kalli rumbu. Daga bakin fataken kanwa ya ji labarin wani gari mai suna Bulanji a bakin tafkin Chadi, daf da iyakar ƙasar Faransi, wai ginin gidajensu ba irin na kowa ba ne. Kada ku wahalar da kanku nemansa a taswira, za ku ji dalili. Wata safiya ya kira ni, ya shimfiɗa takardu uku a kan tebur.

“Malam Adamu, dubi nan. Turawa uku, taswira uku, gari ɗaya, wuri uku. Me ka gani?”

“Ranka ya daɗe, mai yiwuwa ɗayansu ya yi kuskure. Ko biyu. Ban ce lallai ba.”

“Dukkansu ragwaye ne. Sun zauna a inuwa sun tambayi masu wucewa. An ce kai surukin mutanen garin ne. Ka je ka auna shi, ka zana gidajen, ka rubuto mini tarihinsa da Turanci, zan aika Kaduna. Ka kawo mini gari ɗaya a wuri ɗaya.”

Surukuntar da yake nufi ita ce Kaka Falmata, kakar mahaifiyarku, wadda ta raine ta. Ranar da aka kawo mini amarya, an kawo ta da kayan ɗaki, da kakarta, da ƙofar kakarta. Sai da magini ya rushe bakin ɗakin tsakiya ya sake gina shi daidai tsawon ƙofar, domin tsohuwa ta ce ƙofa ba ta bin ɗaki, ɗaki ke bin ƙofa. Ban tambayi dalili ba, na ɗauka rigimar tsufa ce. Hausarta irin ta mutanen Barno ce, namiji da mace duk ɗaya suke a bakinta, yau in zama kai, gobe in zama ke, kuma da wasan jika take kirana angonta. Na same ta tana turara zanenta a kan kasko, na durƙusa na gaya mata.

“Ina za a kai ka, angona?”

“Bulanji, Kaka. Garinku.”

“To madalla. In ka same su ka gaishe su.”

“Ai zan same su, ga taswira.”

“Takarda ta san inda suke?”

“Takarda uku ma, Kaka.”

“To ki riƙa tambaya a hanya dai. Masu banda sun fi takarda sani.”

Amsa tana ɗaure mini guzuri, ta ɗago kai ta ce, “Malam, ka zauna ka ji abin da take faɗa mana.” Na ce mata wannan aikin gwamnati ne. Ku rubuta wannan amsa tawa a wani wuri ku riƙa dubawa, ita ce amsa mafi tsada da na taɓa bayarwa.

Ba zan tsaya kan tafiyar ba. Mota ta kai ni Yerwa, daga nan doki, daga nan kuma ƙafata, domin ni da dokin mun kasa fahimtar juna. Na je duk wuraren nan uku na taswira ban sami kowa ba, daga ƙarshe masu bandar kifi suka nuna mini hanya, na sami Bulanji a wuri na huɗu. Maimakon wannan ya tsorata ni, sai ya faranta mini rai. Na ce lallai Mai Lofe ya yi gaskiya, Turawan nan ragwaye ne, ni ne na farko da ya zo da ƙafarsa.

Garin yana kan wani tudun yashi, ruwa ya kewaye shi ta gefe uku. Ban taɓa ganin gini mai sauƙi irin nasu ba. Bango karan fadama ne da aka saƙa aka shafe da laka, kaurinsa bai wuce tafin hannu ba, rufi kuwa kamar an kifa ƙwarya. Gado a sama yake, kan turaku, da murhun hayaƙi a ƙarƙashinsa saboda sauro, kuma sauron Bulanji ina jin in aka yanka shi zai ishi miya. Babu ganuwa. Babu rumbun ƙasa ko ɗaya, hatsinsu a manyan kwanduna yake masu hannu biyu. Babu bishiyar da ta fi ni tsawo. Masallaci ma shirayi ne a kan turaku. Duk na lura da waɗannan, duk na rubuta su, kuma a gaban kowanne na sa cewa mai yiwuwa ƙasar wurin ce ba ta da ƙarfi. Abu ɗaya ne mai nauyi a garin, ƙofofinsu. Katako ba ya samuwa a wajen, don haka daga jikin tsofaffin jiragen ruwa suke yin su, baƙaƙe, gajeru, an ɗinke allunan da igiya babu ƙusa ko ɗaya, kuma a gefen kowace akwai tsagu a jere kamar na fuskar Babarbare. Na auna su, na zana su, na rubuta cewa tsagun mai yiwuwa ado ne. Na tuna akwai irinta a gidana, na ce ashe tsohuwa kayan tunawa da gida ta ɗauko. Turken iyaka kuwa, wani ƙarfe da Turawan Ingila da na Faransi suka kafa, yana tsaye cikin ruwa, masunta suna ɗaure jiragensu a jikinsa.

Mai garin, Bulama Kyari, ya sauke ni a gidansa, ya ciyar da ni kifi safe da rana har na fara jin ƙarni a cikin alƙalamina. Na so mu yi magana da ɗan Barbarcin da na tsinta a gida, ya ƙi, domin ya yi fataucin kanwa zuwa Kano yana saurayi kuma yana alfahari da Hausarsa. Ya ce mini garin ya girmi kakan kakansa. Na dubi bangon da ba zai wuce shekara biyar ba, na rubuta cewa mai yiwuwa yana ƙari. Ranar da zan taho na yi masa tambayar da ke ƙarshen jerin tambayoyina.

“Bulama, wace al’ada ce ta bambanta garin nan da sauran garuruwa?”

“Tashi, Malam Akawu. Mu muna tashi. Wasu garuruwa suna nan kwance, mu kuwa da wuri muke tashi, ba ma jiran kowa.”

“Duk gari?”

“Duk gari. Tsofaffi, yara, har awaki.”

“Wa ke farawa?”

“Liman. Shi ke fara tashi, sai ni, sai kowa ya biyo.”

“Tun yaushe kuke haka?”

“Tun kakanni. Bana ma, yadda nake ganin ruwan nan, sai mun fi tashi da wuri.”

Ku yi mini adalci a nan. Kwana tara na yi a garin, kuma kullum tun kafin gari ya waye masunta ke tashe ni da buga jirage. Liman ne ke fara tashi a kowane gari na Musulmi. Ni da nake tambayar abu sau uku, tambaya ɗaya ce ban yi ba, wato ko kullum ne. Na dawo Potiskum na zauna na rubuta da Turancina mai kyau cewa mutanen Bulanji masu sammako ne, suna barin shimfiɗa tun da asuba, babba da yaro, kuma suna alfahari da hakan. A duk rahoton, mai shafi goma sha wani abu, wannan ce kaɗai jimlar da ban sa mata mai yiwuwa ba.

Mai Lofe ya ji daɗi ƙwarai. Ya ja wa jimlar layi da jan alƙalami, ya tara ma’aikata ya fassara musu ita, ya ce ga mutanen kirki, ba irin waɗanda ke zuwa ofis rana ta take ba. Malam Garba, wanda shi aka nufa, ya yi kwana huɗu ba ya amsa gaisuwata. Da bazara ta kama, Mai Lofe ya ce zai je da kansa ya ɗauki hoton ƙofofin. Ya tafi da taswirata, ya ce ba zai tambayi kowa hanya ba, domin wannan karon aikin mai ilimi ne a hannunsa. Bayan mako uku ya dawo, fuska duk kumburin cizon sauro, kuma babu lofe a bakinsa. Da na ga babu lofe na san akwai magana.

“Malam Adamu, ina garin?”

“Ranka ya daɗe, mai yiwuwa...”

“Kada ka ce mini mai yiwuwa. Na tsaya daidai inda ka zana masallaci. Babu masallaci. Babu ƙofa. Ruwan ma babu. Turken iyaka yana tsaye a busasshiyar ƙasa, sai tarin ruɓaɓɓen kara irin na bukkar masunta. Ɗaya cikin biyu ne. Ko ka ga bukkoki biyar ka zana mini birni, ko kuwa sun ga sarƙarka sun tsere ƙasar Faransi. In na farko ne, ka bar aiki. In na biyu ne, zan rubuta a tuɓe Bulaman, a ba wasu wurin kamun kifinsu. Ka kawo mini amsa a rubuce ranar Litinin.”

Daga baya na ji cewa dogarin da ya raka shi ya san inda garin yake sarai, tafiyar rabin yini ce kawai. Amma ba a tambaye shi ba, kuma a zamanin nan ba a gaya wa Bature abin da bai tambaya ba. Malam Garba ya ja ni bayan ofis, fushinsa ya huce tunda masu sammako sun ɓata.

“Adamu, kai yaro ne. Rubuta sun gudu. Kalma biyu. Wa zai je ya tambaye su? Mutanen bakin iyaka ai kullum cikin gudu suke.”

“Malam, ban tabbatar ba.”

“To sa mai yiwuwarka a gaba mana! Yau ga ranar da za ta yi maka amfani. Mai yiwuwa sun gudu. Ka yi ƙarya? Ba ka yi ba. Kwat ɗinka kuma ta ga Kaduna.”

Na koma gida da azahar na kasa cin abinci. Amsa ta matsa mini, na faɗa mata, Kaka Falmata kuwa tana bakin ɗakinta tana tsince shinkafa, kunnenta ya fi na kowa a gidan idan ba aike za a yi mata ba. Ta ce in maimaita mata abin da Kyari ya faɗa, kalma bayan kalma. Na maimaita. Ta ce in gaya mata abin da na rubuta wa Nasara. Na gaya mata. Ta ajiye faifan a hankali, ta dube ni, sai ta fashe da dariya. Ta yi dariya har ta kwanta, har tari ya sarƙe ta, Amsa tana ba ta ruwa ita ma kafaɗunta suna rawa.

“Sammako! Wayyo cikina. Amsa, mijinki ya ce awakinmu suna sammako!”

“Kaka, shi ya ce suna tashi da wuri.”

“Suna tashi mana! Kasuwa in ta tashi, daga barci ta farka? Shekara nawa ka yi a makarantar nan, angona? A mayar maka da wahalarka.”

Ta kama hannuna ta kai shi gefen ƙofar nan, ta sa yatsana cikin tsagun. Ta ce Bulanji ba wuri ba ne, mutane ne da ƙofofinsu. Tafkin ba ya zama wuri ɗaya, wasu shekaru ya cika ya ci tudu, wasu shekaru ya ja baya ya bar mutane da laka. In dattawa suka ga alama, ba sa jira ruwa ya yi musu nisa. Ana fara cire ƙofar liman, sai ta Bulama, sai ta kowa, a ɗora su a ka, a bi ruwa, a bar wa iska bangon. Inda aka kafa ƙofofin nan ne Bulanji, kuma kowane maigida ya yi wa tasa tsaga ɗaya. Shi ya sa babu rumbu, shi ya sa kwanduna ke da hannu, shi ya sa babu bishiya. Duk abin da na gani da idona na rubuta, amsar tana ciki, kuma shekara biyu ina buga goshi a jikin tarihin garin kowace safiya in na shiga gaishe ta.

Ba zan ɓoye muku ba, na rubuta takarda biyu. Ɗaya ta Malam Garba, ɗaya ta gaskiya. Ta Malam Garba ta fi kyau, gajeriya ce, kuma bisa ƙa’idar da na rayu a kanta babu ƙarya a cikinta, tunda komai na duniya mai yiwuwa ne. Ranar ce na fara gane cewa kalmar nan da nake taƙama da ita a matsayin tsoron Allah tana iya zama wurin ɓuya. Ran Lahadi da la’asar tsohuwa ta gan ni ina jujjuya takardun biyu, ba ta iya karatu ba amma ta iya ƙirga.

“Kyari ya ba ka kifi?”

“Ya ba ni, Kaka.”

“Ka ci?”

“Na ci.”

“To.”

Iyakar abin da ta ce ke nan, ta koma ɗaki. Na ce wa Amsa ko na faɗi gaskiya Baturen ba zai yarda ba, zai ce wata ƙaryar na ƙirƙiro don in rufe ta farko, sai dai in ya ga shaida. Ta dubi ƙofar, ni ma na dube ta. Tsohuwa ta yarda a kai ta, amma da sharaɗi biyu. Ba a ba ɗan dako ƙofar Bulanji, namijin gida ke ɗauka. Kuma inda ƙofa ta tafi, mai ita yana biye.

Haka aka yi ran Litinin da hantsi na fito daga gidan nan cikin fararen kayan ofis, da gammo a kaina, da ƙofa a kan gammo, Kaka Falmata tana bayana da sandarta cikin lafayarta ta sallah. Abin da ban yi lissafi ba shi ne maƙwabta. Rabin Hausari asalinsu Barno ne, kuma akwai waɗanda suka san ma’anar ƙofa a kan mutum. Kafin mu kai bakin layi wata tsohuwa ta fito tana salati, tana tambaya wa ya ɓata mana rai har za mu tashi ba sallama. Wani dattijo ya sha gabana yana cewa ko me aka yi mini in yi haƙuri, zama da mutane sai da haƙuri. Wata ta kawo mana fura ta guzuri. Ni kuwa ba na iya juya wuya, ina ta cewa daga ƙarƙashin katako ba tashi za mu yi ba, ofis za mu, tsohuwa kuma maimakon ta taimake ni sai ɗaga musu hannu take tana cewa a yafe mata. Mun isa ofis da mutum kusan ashirin a bayanmu, har da wani manomi daga Yindiski da bai san kowa ba, ya ga ana tafiya ya bi.

Mai Lofe ya fito baranda. Na jingina ƙofar, na gyara hulata da ta zama faifai, na durƙusa. Na shirya jawabi mai tsawo tun daga gida, amma nauyin katako ya matse shi duka.

“Ranka ya daɗe, garin yana nan, ba su gudu ba. Ni na yi kuskure. Bulama ya ce suna tashi, wato suna ƙaura su bi ruwa, ni na rubuta suna sammako.”

Malam Garba ya rantse har ya rasu cewa ya tsaya yana jiran mai yiwuwa, bai ji ta ba, har ya ɗauka wani ne ya shiga rigata. Baturen ya dubi katakon. Ya sauko ya tsuguna gaban ƙofar, ya bi tsagun da yatsa. Tsohuwa ta sa aka kawo mata kujera, ta zauna a gaban Bature, abin da ban taɓa ganin ko hakimi ya yi ba, ta fara karanta masa su da kan sandarta. Wannan shekarar da ruwa ya ci tudu cikin kwana biyu. Wannan shekarar da mayaƙa suka zo daga gabas. Wannan aka haifi ubanta a hanya, a kan ƙofar ma aka haife shi. Wannan shekarar da Nasara biyu suka zo suka kafa ƙarfe cikin ruwa, mutanen gari suka yi musu godiya don sun sami wurin ɗaure jirgi. Goma sha ɗaya ta ƙirga, ta goma sha biyu kuma ita ta yi ta da wuƙar girki ranar da ta iso Potiskum. Mai Lofe ya aika aka ɗauko taswirorin nan uku na ragwaye, ya daɗe yana kallonsu, kunnuwansa suka yi ja.

“Iya, to garin nan na Ingilishi ne ko na Faransi?”

“Wace shekara?”

“Bana.”

“Bana ban je ba. Ki tambayi ruwa, ɗana. Shi ma kun ba shi takarda?”

Ina jin ya yi dariya, ko da yake mai yiwuwa tari ne. Ba a tuɓe Bulama Kyari ba, ba a taɓa wurin kamun kifinsu ba, kuma ba a kore ni ba. Amma da yamma ya kira ni shi kaɗai, ya ce rahoton ya riga ya isa Kaduna da jan layinsa a ƙarƙashin jimlar, dole ya rubuta gyara, kuma ba zai iya aika musu gyara da mai kuskuren a mota ɗaya ba. Ya ce in jira baɗi. Baɗi aka canza shi, wanda ya gaje shi kuma abin da ya fara ji game da ni shi ne sunan da Malam Garba ya raɗa mini tun kafin in sauke ƙofar daga kaina a hanyar komawa. Biyun da suka tafi, ɗaya har motar gwamnati aka ba shi da direba. Ni na ja sarƙa shekara goma sha tara kafin a ba ni tebur. Kwat ɗin kuwa ita ce kuka gani a hoton auren ’yar’uwarku Zara, ta ɗan matse ni a hammata.

Ba zan ce ban taɓa jin zafin abin ba. Akwai shekarun da in na ga motar nan ta wuce sai in shiga kantin da ba ni da abin saye a ciki. Na kuma sha tambayar kaina ko da gaske za a tuɓe Bulaman, ko barazanar mai fushi ce kawai, wadda za ta huce in kumburin fuska ya sauka. Ban sani ba, kuma babu wanda ya rage da zan tambaya. Abin da na sani shi ne, bayan shekara biyu wani mai banda ya yi sallama a ƙofar gidan nan da damin kifi, ya ce daga Bulama Kyari, a ba surukinsu mai sammako, wai yana gaisuwa kuma yana sanar da ni cewa sun sake farkawa. Har can labarin ya kai. Kaka Falmata ta ci kifin nan tana dariya har ƙaya ta kusa maƙale mata.

Saboda haka, Bukar, ga amsata kan maganar Damaturu. Mai yiwuwa in zo bayan damina, in jikina ya yarda, in kuma ɗakin da ka ce ka gina ba ya kallon titi, ban ce lallai ba. Amma ƙofar nan ba za ta shiga wuta ba. Ita za ta fara tashi, ni ina biye. Ka nemi magini ya rage bakin ɗakin daidai tsawonta, kada ka ba ɗan dako, kai za ka ɗauka a ka, kuma ka sa farar riga. Wuƙar yin tsagar tana cikin gwangwanin takardar shaidata.